Habinsedat

Ranar Laraba ce a farkon watan Mayu, ana wani siririn yayyafi wanda ba ya shayar da gona, sai dai ya ɓata wa mutum takalmi. Ina ƙarƙashin rumfar inabi ina kwance keken da ba abin da ya same shi, don dai hannuna ya sami abin yi, sai ga Zlatko, ɗan Kawu Stoyko, ya turo ƙofa da 'yan Ingila biyu, miji da mata. Yana tafe a gabansu kamar shi ya haife su.

A shekarun nan ne 'yan Ingila suka gano ƙauyukanmu. Kangon da mu muke jin kunyar ɗaure jaki a ciki, su sai su tsaya a gabansa su dafe ƙirji. Ƙauyukan da ke kewaye da mu duk sun sayar da nasu, mu ne dai ba a leƙo ba. Gidanmu na kakata ne, Kaka Ganka. Ni da ita muke ciki tun da uwata ta tafi Italiya jinyar tsofaffin wasu. Gwiwoyin Kaka sun gaji da ɗaukar itace a cikin ƙanƙara, ta yarda a sayar ta koma bene wajen ɗanta, Kawu Stoyko, a Gabrovo. Shi kuma Kawu, wanda ya zauna a garin har ya fi 'yan garin maƙo, ya rantse a gaban Kaka cewa ranar da aka sayar zai biya mini kuɗin koyon tuƙi da lasin tirela.

Ni nawa ke nan a cikin maganar. Na bar makaranta a aji tara don kujera tana cizona. Na yi dako, na yi tsinkar inabi, na yi wata uku a gidan burodi har mai gidan ya ce fuskata tana hana ƙullu tashi. Hanya ɗaya na hango ta fita daga ƙauyen nan, ita ce ta bayan sitiyari, in nufi Jamus in bar kowa da awakinsa.

Zlatko kuwa shekara biyu ya yi a Ingila yana wankin mota. Ya dawo da rigar fata da wata irin tafiya ta gefe-gefe, kuma tun daga ranar ba wanda ya isa ya yi maganar Ingila a kanti sai ya gyara masa. Shi ya tsinto mutanen nan a wani gidan shan kofi a Tarnovo, ya lallaɓo su don kada dillali ya ci la'ada. Kawu ya iso tun da safe a bas, ya sa kwat ɗin da ya yi aure da ita.

"Rumen, kau da tarkacen nan," in ji Kawu. "Kuma kada ka buɗe baki."

"Da wane yare zan buɗe shi, Kawu?"

"Da kowanne."

Mijin sunansa Kolin. Dogo ne, ja, ga gajeren wando a cikin ruwan sama. Matar, Hilari, tana riƙe da kyamara. Ta ɗauki hoton awaki, ta ɗauki hoton garmar da ta yi tsatsa, ta ɗauki hoton Kaka ba tare da ta tambaye ta ba, har ƙofar masai sai da ta ɗauka. Aka zaga da su ɗaki-ɗaki. Kolin yana ta buga kansa a saman ƙofa yana ba ƙofar haƙuri.

Da aka gama aka dawo ƙarƙashin rumfa. Kolin ya haɗa hannuwa ya fara jawabi, Zlatko yana yanko mana fassara.

"Ya ce gidan yana da kyau ƙwarai."

Kawu ya gyara kwat.

"Ya ce dutsen ginin nan, ba a samun irinsa a wajensu. Ya ce tsaunukan can... ya ce dai suna da kyau su ma. Ya ce Kaka ta tuna masa da tasa kakar."

"Allah ya jiƙanta," in ji Kaka. "Ita ma ba ta da haƙora?"

Sai Kolin ya dakata. Ya ja iska ta tsakanin haƙoransa kamar wanda ya taka ƙaya, ya ce, "Having said that." Daga nan muryarsa ta yi ƙasa, ta yi sauri. Ya daɗe yana magana yana kallon takalminsa, yana girgiza kai hagu da dama. Matarsa ta mayar da kyamara jaka.

"Me ya ce?" in ji Kawu.

Na ga idon Zlatko yana yawo. Maganar ta wuce shi kamar jirgin ƙasa, bai kama komai ba sai wutsiyar farko. Amma Zlatko gara ya mutu da ya ce bai ji ba. Ya ɗaga yatsu uku ya fara fasa kalmar kamar gyaɗa.

"Habin, wato ya riga ya samu. Sed, wato faɗa. Dat, wato wannan. Ya ce ya riga ya faɗa, Baba. Magana ta fita, ba ta dawowa. Ɗan Ingila in ya ce maka habinsedat, kamar ya sa hannu ne a gaban alƙali."

"To sauran fa? Ai ya yi ta zuba."

"Sauran ladabi ne. Haka suke. In sun gama ciniki sai sun yi maganar ruwan sama."

Kuma ga kan mutumin yana ta girgizawa, wanda duk mai hankali a ƙasarmu ya san e ke nan. Zlatko ya shekara biyu a cikinsu bai lura cewa nasu kan a juye yake ba. Ban ga laifinsa sosai ba. Wanda ya yi shekara biyu a durƙushe yana goge taya, yaushe ya ga kan mutum?

Kaka ce kawai ta taɓe baki. "Mai sayen gida me ya haɗa shi da kallon takalmi?"

"Kaka, ke kin taɓa zuwa Ingila?"

"Ban je ba, ɗan nan. Amma na taɓa sayar da jaki."

Ba wanda ya saurare ta. Ni ma ban saurare ta ba, don a lokacin ina jin ƙarar injin tirela a kunnena. Kawu ya rungumo Kolin ya sumbace shi a kunci biyu, ya kama hannunsa yana jijjigawa yana cewa, "Habinsedat! Habinsedat!" Kolin ya yi wani murmushi irin na wanda kare yake shinshinawa. Ina jin ya ɗauka mu mutane ne masu karɓar ƙi da fara'a.

Akwai ragon da Kaka ta kiwata don bikin Waliyyi Georgi, saura 'yan kwanaki. Kawu ya ce a yanka.

"Na waliyyi ne, Stoyko."

"Inna, waliyyi ba ya sayen gida."

"Ba ya mantuwa kuma."

Aka yanka. Aka fito da gangar barasar inabi da marigayi kakana ya bari, wadda Kawu ya hana kowa taɓawa ko a ranar jana'izar mai ita. Maƙwabcinmu Nedyalko ya tsallako katanga da kofinsa a aljihu, bayansa rabin ƙauye. Aka zaunar da baƙin a tsakiya aka yi ta ɗura musu. Hilari, ashe ba ta cin nama, ta yi ta tura hanta a ƙarƙashin burodi. Duk lokacin da Kolin ya buɗe baki zai yi wa Zlatko wani bayani, sai a cika masa kofi a yi ihun habinsedat. Da la'asar aka saka su a mota, suka tafi ba waiwaye. Zlatko ya ce sauri suke su je banki.

A makon nan Kawu ya sayar da awakin Kaka biyar ga wani mahauci a araha, don wa zai hau bene da akuya? Ni kuma na je Tarnovo na ba da sunana a makarantar tuƙi, na dawo na bi kanti ina yi wa mutane ban kwana. Har na gaya wa Nedyalko cewa in na ga ƙauyen nan a taswira zan rufe shi da babban yatsa.

Mayu ta wuce. Yuni ta shigo. Zlatko yana ta kiran lambar da suka ba shi, tana ta ringin. Ran nan muka wayi gari ya sami aikin gaggawa a bakin teku, ko sallama bai yi ba.

Na gaji da jira, na hau bas na je wajen Desislava. Ajinmu ɗaya da ita, sai dai ita kujera ba ta cije ta ba, ta gama ta sami aiki a teburin karɓar baƙi na wani otal. Na jingina da teburin na faɗa mata kalmar yadda na ji ta. Sai da ta sa na maimaita sau biyu, sannan ta kifa kai a kan tebur tana dariya.

"Rumen, kun yanka rago?"

"Wa ya gaya miki?"

"Fuskarka. Kai, amma ce fa. Amma kawai. Sai dai amma ce mai sanye da kwat da laƙtaye. Ba sa iya ce maka a'a tsirara, sai sun fara shafa maka zuma, su ce gidanka kaza, kakarka kaza. In suka ga ka lumshe ido sai su saka wannan a tsakiya. Abin da ya biyo baya shi ne abin da ya kawo su, na gaban duk shimfiɗa ce. Kuma ka sani, wani lokacin..."

Sai ga wasu Jamusawa da akwatuna, ta miƙe ta ɗaura murmushin aiki, ta kore ni da bayan hannu. Ni kuma ban iya tsayuwa ba, abin da ya fitar da ni daga makaranta ke nan. Na ɗauki abin da na samu na kai gida.

Kawu ya saurare ni a waya har ƙarshe. Can ya ce, "Wato kalmar ƙi ce."

"Amma ce, Kawu."

"Ai shi na ce. Mutum ya ci ragona, ya sha gangar ubana, ashe tun kafin a kunna wuta ya zage ni a cikin gidanmu, ni kuma ina sumbatarsa."

Kafin mako ya zagayo kalmar ta gama ƙauye. Kazar da ta yi kuka ba ta yi ƙwai ba, habinsedat. Hadarin da ya haɗu ya watse, habinsedat. Yarinyar da ta karɓi zoben ɗan mai kanti ta auri ɗan sanda, ita ma haka. Nedyalko ne ya fi kowa iya ta. In Kawu ya sauka daga bas sai ya leƙo ta katanga ya cire hula.

"Stoyko, barka da zuwa! Kwat ɗin nan ta yi maka kyau, ka yi ƙiba, ka zama kamar minista..." Sai ya ja iska ta tsakanin haƙoran da suka rage masa.

"Ka faɗa, Nedyalko, in tsallako."

"Ni me na ce? Iska na sha."

Ni kuma sai aka koma kirana direba. "Direba, yaushe ka dawo daga Jamus?" Kaka kuwa, da safe takan fita da bokitin tatsa, ta tsaya a bakin garken da ba kowa, ta dawo ta rataye shi.

A watan Satumba ake gashin tattasai, duk ƙauyen ya ɗauki ƙauri. Kaka ta kafa babbar tukunya a tsakar gida, tattasai da tumatir na cikin kwalabe don hunturu. Aiki ne na yini guda kuma ba a sakin muciya, in ka sake ta ka sha ruwa ƙasan ya kama. Kawu ya zo kamar kowace shekara, don rabin kwalaben nasa ne, Kaka ta ce tun da zai ci sai ya tuƙa. Yana tsaye da muciya mai tsawon mutum, gumi yana zuba, sai muka ji an ƙwanƙwasa ƙofa.

Su ne, Kolin da Hilari. Sun rame, rana ta ƙona su, da gani sun sha kanguna sun ƙoshi. A wannan karon da dillaliya suka zo, sai dai motarta ta kasa hawa tudunmu, ta bar ta a gindin gada. Na hango ta can ƙasa tana tahowa a kan takalma masu tsini, waya a kunne. Da Kolin ya jira ta, da yanzu ina Jamus. Amma mutumin ya cika da zumuɗi, ya shigo yana washe baki, ya miƙa wa Kawu hannu. Kawu ya kalli hannun, ya ci gaba da tuƙi.

Ba Zlatko, don haka Kolin ya haɗa da hannu, kuma wallahi ya fi Zlatko iya fassara. Ya nuna rufi, ya yi ɗis-ɗis da yatsu a kan tafinsa. Ya je bango ya zura hannunsa a cikin tsaga har wuyan hannu, ya juyo ya nuna mana. Ya nuna hanya, ya yi ta tsalle a tsaye kamar wanda ke cikin mota. Ya nuna wayoyin wuta, ya yi kamar an ja shi. Sannan ya juya wajen masai ya toshe hanci.

Nedyalko ya riga ya ɗora gwiwar hannu a kan katanga. Wuyan Kawu ya yi launin abin da ke cikin tukunya.

"Inna, kina gani? Rago bai ishe shi ba, ya dawo ya ƙirga mana talaucinmu."

"Tuƙa, Stoyko. Ƙarya ya yi? Rufin ba ya yoyo?"

Kolin ya dawo tsakiyar gida. Ya kama hannun matarsa. Ya kalli tsaunuka, ya kalli Kaka, ya ja iskar nan ta tsakanin haƙora. Yana ɗaga kai sama da ƙasa, wanda kowa a ƙasarmu ya san a'a ne, ya ce, "Having said that."

Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Na ga muciya ta fito daga tukunya.

A daidai lokacin wani abu ya motsa a kaina. Wancan karon zuma ce a gaba, sai amma, sai mari. Yau marin ne a gaba. In amma ta biyo bayan zagi, me ya rage ta kawo? Ko a yarenmu haka ne. Kaka ta sha cewa ni malalaci ne, mara kunya, mara kan gado, amma... kuma duk abin da ya biyo baya abinci ne.

"Kawu, tsaya! Amma ce!"

"Na san amma ce, ɗan jaka! Ita nake duka!"

Muciyar ba ta same shi sosai ba, kafaɗa ta goga. Sai dai ta taho da tattasai mai tafasa cike da kanta, ya watsu a farar rigarsa tun daga wuya har ciki. Hilari ta ga ja ta ƙwalla ƙara. Kolin ya yi waje, ya buga kansa a saman ƙofa, wannan karon bai ba ta haƙuri ba. Kawu ya bi shi yana ihu, "Ga habinsedat! Ka kai wa sarauniyarku!" Ni na bi Kawu, Kaka ta biyo ni da tsumma, kaji suka watse.

A bakin ƙofa muka yi karo da dillaliyar, takalmi ɗaya a hannu. Ta kalli rigar, ta kalli muciyar, ta kalli Kawu.

"Malam, lafiyarka ƙalau? Wane irin mahaukaci ne yake dukan mai saye?"

"Wane mai saye? Zagina ya zo yi."

"Saye ya zo yi! Tun daga Tarnovo yake maimaita mini jawabin a mota. Zai ce rufi ya lalace, bango ya tsage, hanya ba kyau, amma duk da haka sun zaga ƙasar nan kaf ba gidan da ya zauna musu a rai sai wannan. A kuɗin da kuka faɗa. Ko ragi bai yi niyyar nema ba, ni nake ta hana shi."

Kawu ya tsaya da muciya a sama, tana ɗiga a kan takalminsa.

"To ai ya ce kalmar."

"Wace kalma?"

"Ta ƙi."

"Ba ta ƙi ba ce, ba ta yarda ba ce, juyi ce kawai! In ya fara da yabo ka kama kanka, in ya fara da kushe ka buɗe aljihu. Wa ya koya muku Ingilishi a gidan nan?"

"Ɗana," in ji Kawu, a hankali.

Ya yi ƙoƙarin gyarawa, wannan kam ba zan hana shi ba. Ya cire hularsa ya nufi Kolin zai goge masa riga, Kolin ya ja da baya ya ɓuya a bayan matarsa. Kawu ya kama shi duk da haka ya yi ta murzawa, jan ya bazu har baya. Yana murzawa yana ce wa dillaliya ta gaya masa wasa ne, al'ada ce, haka muke yi wa wanda muke so. Ta ce ita ba za ta fassara wannan ba.

Sai muryar Nedyalko ta fito daga katanga, a tausashe kamar ta limamin coci.

"'Yata, ki ce musu su shigo nan su wanke. Akwai ruwan rijiya mai sanyi, akwai kofi. Ba sai sun sayi komai ba."

Suka shiga. Daga tsakar gidan Nedyalko tsaunukan nan dai su ne ake gani, dutsen gininsa daga rami ɗaya aka haƙo shi da namu, kuma ba a taɓa dukan kowa a can da muciya ba. Muna tsaye muna jin Hilari tana ɗaukar hoton agwaginsa, sai ƙauri ya iske mu. Kaka ta juya ta kalli hayaƙin da ke tashi daga tukunya, ba ta ko yi sauri ba.

"Na gaya maka waliyyi ba ya mantuwa," ta ce wa Kawu.

Kafin ƙanƙarar farko Nedyalko ya sayar musu da gidansa, ya koma wajen 'yarsa a Varna, ɗaki mai ɗumi yana kallon teku. Ya aiko wa Kawu gaisuwa, ya ce a gaya masa shi maƙwabci ne nagari, mai karamci, mai hannun kyauta, sannan wai wanda aka aika ya ja iska ta haƙora.

Yanzu ni nake hawa rufin Nedyalko ina yi wa Kolin gyara, a biya ni da yini. Ba ya zuwa kusa da katangarmu. Jiya ya tsaya a gindin tsani yana gaya mini, da hannu da 'yan kalmomin da na tsinta, cewa ina da ƙarfi, ina da sauri, bai taɓa ganin mai aiki kamata ba. Na ajiye guduma na zauna ina jira. Na san akwai saura.

Abin da ya tafi: ragon waliyyi ɗaya, awaki biyar, gangar barasa ɗaya, tukunyar tattasai ɗaya har da ƙasanta, farar riga ɗaya, mai saye ɗaya sau biyu, da lasin tirela ɗaya wanda ban taɓa riƙewa ba.